Yadda Ake Kafa Kwamitin Unguwa da Zai Tare Rikicin Addini Kafin Ya Kama

Ranar 19 ga Janairun 1999, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, wani direban motar haya Kirista da wani saurayi Musulmi suka yi faɗa a birnin Ambon na ƙasar Indunusiya. Kafin a sa hannu a yarjejeniyar Malino ta biyu a Fabrairun 2002, aƙalla mutum 5,000 sun mutu a tsibiran Maluku. A Jos kuwa, ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, wata mata ce ta nemi ratsa hanyar da aka tare don sallah a unguwar Kwango-Rasha, aka yi ka-ce-na-ce, kafin mako ya zagayo an rasa rai kusan 1,000. Wanda ya san garuruwan nan biyu ya san tushen rikicin ba direban ba ne, ba kuma matar ba ce. Akwai rigimar muƙami, da ta fili, da ta wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, duk suna kwance shekara da shekaru. Kwamitin unguwa ba zai warware waɗannan ba, kada ma ya ɗora wa kansa. Aikinsa bai kai haka girma ba, amma shi ne mai ceton rai. Tsakanin faruwar ƙaramin abu da lokacin da samari za su cika titi da gora da adda akwai 'yar tazara, wani lokaci awa biyu, wani lokaci minti talatin. Don wannan tazarar ake kafa kwamiti.

An gwada, an kuma ga amfaninsa. A tsibirin Ambon ɗin nan akwai ƙauyen Wayame, inda Musulmi da Kirista ke zaune a cakuɗe. Mutanensa suka kafa ƙungiyar mutum ashirin, goma daga kowane ɓangare, kuma har yaƙin ya ƙare ba su far wa juna ba, alhali maƙwabtansu na ci da wuta. A Indiya akwai Bhiwandi, garin masaƙu kusa da Mumbai, wanda ya sha mummunar tarzoma tsakanin Hindu da Musulmi a 1970 da 1984. A 1988 wani jami'in 'yan sanda, Suresh Khopade, ya raba garin ya kafa kwamitocin unguwa 70. Da wasu 'yan Hindu suka rushe masallacin Babri da ke garin Ayodhya a Disambar 1992, Mumbai ta rasa mutum kusan 900 cikin wata biyu, Bhiwandi kuwa ba ta kama ba. A gida ma, unguwar Dadin Kowa ta Jos ta tsallake rikice-rikicen 2008 da 2010 ba tare da mazaunanta sun ɗauki makami a kan juna ba.

A gefe guda kuma, ranar 22 ga Agustan 2002 manyan malamai da shugabannin coci 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci mutum kusan 250. Takardar manya tana da amfaninta, amma ba ta san sunan yaron da ke riƙe da galan ɗin fetur a bakin layi ba. Wanda ya san sunansa, ya san uwarsa, shi ne zai iya karɓe galan ɗin.

Su wa za a zaɓa

Ku fara da iyakance yanki. Ya zama wurin da mutum zai ratsa shi da ƙafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. In ya fi haka, a raba shi biyu, kowanne da kwamitinsa. Dalili shi ne ranar da abu ya faru babu mai hawa mota, kuma ɗan kwamitin da ba a san fuskarsa a layi ba, ba shi da bambanci da baƙo.

Adadi kada ya gaza 12, kada ya wuce 20, kuma a raba daidai tsakanin ɓangarorin biyu ko da ɗaya ya fi ɗaya yawa a unguwar. Marasa rinjaye ba za su saki jiki da kwamitin da za a kayar da su da ƙuri'a ba. Shugabanni biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma ba a fitar da sanarwa sai da sunan su biyun.

A nan ne yawancin kwamitoci ke kuskure. Sai a tara liman da fasto da mai unguwa da tsofaffin ma'aikata masu babbar riga, a ɗauki hoto, a ce an gama. Waɗannan ana bukatarsu, amma ba su isa ba. Tambayar da za ku yi game da kowane mutum ita ce: in ya tsaya a tsakiyar titi ya ce "ku koma," samari nawa ne za su koma? Da wannan ma'aunin za ku ga dole a shigo da shugaban 'yan acaɓa ko masu Keke Napep na tashar unguwa, da sarkin pawa, da babban bakanike mai yara talatin a garejinsa, da kocin ƙwallon yamma, da mai gidan kallon ƙwallo. Wani lokaci har da wanda kowa ya san tsohon ɗan daba ne. Akwai masu ƙyamar zama da irin waɗannan, amma in ba ku jawo shi ba, wani zai jawo shi da kuɗi ranar da ake neman masu kunna wuta. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ake zargi da jinin wani a rikicin baya ba ya shiga.

Mata aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Su ne ke fara ganin alama. Mai sayar da kayan miya ta san ranar da abokan cinikinta na wancan ɓangare suka daina zuwa. Uwa ta san ranar da ɗanta ya wasa adda ya tura ƙarƙashin katifa, ta kuma san gidan da aka kwashe yara aka kai ƙauye ba tare da an yi sallama ba. A samu malamar asibiti ko ungozoma guda, don aikinta zai zo nan gaba.

Kada a saka mai riƙe da muƙamin jam'iyya ko mai neman takara. Rikicin Jos na Nuwamban 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi, na Afrilun 2011 da ya ci fiye da mutum 800 a jihohin Arewa 12 daga sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya tashi. Ranar da za a fi bukatar kwamitin, ɗan siyasa yana da ɓangare.

Doka: kowa ya riƙe nasa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Musulmin kwamiti su ke tsawata wa samarin Musulmi, Kiristocin kwamiti su ke tsawata wa samarin Kirista. Fasto ba zai je ƙofar masallaci ya kama yaro ba, liman ba zai shiga harabar coci ya ce a miƙo masa wane ba. In yaronku ya jefi rufin cocin, ku za ku kamo shi, ku kai shi, ku biya kwanon. Da zarar ɗaya ɓangaren ya ga kun hukunta naku da hannunku, ya samu hujjar da zai hana nasa ramuwa. In kuka ɓoye shi, kun kwance wa abokan aikinku zani a kasuwa, domin samarinsu za su ce musu, "Ga amanar da kuke ta faɗa mana."

Dokokin Wayame sun cancanci a duba su. Sun hana ɗaukar makami a cikin ƙauye, sun hana giya, sun hana kiran juna da sunayen cin mutuncin da ake amfani da su lokacin yaƙin, sun kuma hana kowa fita ya je yaƙi a wani wuri. Wanda ya je, ba shi ba dawowa ƙauyen. Wannan ta ƙarshe ita ce mai wuya, ita ce kuma mai muhimmanci, domin saurayin da ya je wata unguwa ya yi kisa zai dawo da masu binsa da ramuwa. Gaskiya kuma ita ce a Wayame akwai ma'ajiyar man fetur ta gwamnati da sojoji ke gadi, wannan ma ya taimaka musu. Amma sojoji sun kasance a wurare da dama da suka ƙone.

Ku rubuta naku dokokin, kada su wuce bakwai, a takarda guda. A karanta su a masallaci ranar Juma'a, a coci ranar Lahadin da ke biye, da kalmomi iri ɗaya. A ambaci kalmomin da aka hana da sunansu: "arne" daga nan, "malo" daga can, da duk wanda unguwar ta san yana tunzura mutane. A ƙara da dokar baƙi: duk wanda ya sauke baƙi maza fiye da biyu a lokacin zaman ɗar-ɗar, ya sanar da mai unguwa. A faɗi hukuncin kowace doka tun yanzu, kuma ya zama wanda doka ta yarda da shi: biyan ɓarna, kai ƙara wurin hakimi, miƙa wa 'yan sanda. Babu duka.

Taswira da kalanda

A zama na biyu ko na uku, a shimfiɗa babbar takarda a zana unguwar. A sa alama a kowane masallaci da coci, mahauta, tasha, gidan giya, makabarta, makarantar da yaran ɓangarorin biyu ke haɗuwa, da duk hanyar da ke shigowa daga waje, har da ta rafi da ta bayan gari. Sannan a sa alama ta daban a gidajen da ke zaune su kaɗai a cikin ɗaya ɓangaren, a rubuta wane maƙwabci ne zai ɗauke su in ta ɓaci, da ta wace ƙofa. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262 da suka gudo daga hari a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kiristoci. Shi ya yi ne ba shiri. Ku ku yi shirin, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan taswirar tana hannun shugabannin biyu kawai, ba a ɗaukar hotonta da waya, saboda a hannun mugu jerin gidajen da za a kai wa hari ce.

Kalanda kuma ta ƙunshi Sallah biyu, Kirsimeti, Ista, zagayen Maulidi, manyan tarukan wa'azi, ranar zaɓe da ranar faɗin sakamako. Mako guda kafin kowacce a zauna a kan hanyar da jerin gwano zai bi, da ƙarfe nawa, da wa zai tsaya a ina. Batun tare hanya ranar Juma'a ko Lahadi a gama shi a rubuce: daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ga hanyar da masu wucewa za su bi, kuma dattijo ne zai tsaya a bakin igiya, ba yaro mai zafin kai ba. Abin da ke faruwa a ƙasashen waje ma yana shiga kalanda ba sallama. Zanen ɓatanci na Denmark ya jawo kashe-kashe a Maiduguri a Fabrairun 2006, aka yi ramuwa a Onitsha. Na mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ya sa an ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. Duk ranar da irin wannan labari ya fito, kwamiti ya zauna kafin Juma'a, ba bayanta ba.

Jita-jita

Kusan kowace tarzoma tana da labarin da ya riga ta isowa: an kashe wane, an ƙone masallacin kaza, ga motoci cike da mutane suna tahowa. A Mandalay ta ƙasar Myanmar, a Yulin 2014, labarin cewa wasu Musulmi sun yi wa wata mata mai bin addinin Buddha fyaɗe ya bazu a Facebook, aka kashe mutum biyu, daga baya ta tabbata ƙirƙirar labarin aka yi. A Filato a Yunin 2018, cikin abubuwan da aka yi ta yaɗawa har da wani bidiyo da binciken BBC ya gano a Kwango-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka biya da rayukansu.

Mutanen Ambon sun koyi darasi. A Satumban 2011 wani ɗan acaɓa Musulmi ya mutu, 'yan sanda suka ce hatsari ne, saƙonnin waya suka ce Kiristoci ne suka azabtar da shi, rikici ya tashi. Sai wasu matasa da malaman addinan biyu, cikinsu har da Fasto Jacky Manuputty, suka haɗa wata ƙungiya da suka kira masu tunzura zaman lafiya. In aka ce an ƙone coci kaza, sai wanda ke kusa ya je ya ɗauki hotonta tana tsaye, a tura. A Belfast ta Ireland ta Arewa ma, tun ƙarshen shekarun 1990 aka raba wa masu aikin unguwa wayoyin hannu a ɓangarorin Katolika da Furotesta, don in an ga taro a wancan gefen katanga a kira a tambaya kafin a fara jifa.

Ga yadda za ku tsara naku. Kowane ɗan kwamiti yana da abokin aiki guda daga ɗaya ɓangaren, kuma su biyun su ke da alhakin wani yanki na taswira. In labari ya iso wa kowa, ba ya tura shi cikin zauren WhatsApp, ko da da niyyar tambaya ce, domin turawa yaɗawa ce. Kiran mutum biyun da abin ya faɗo a yankinsu zai yi. Wanda wurin ya fi aminci a gare shi ya je ya gani da idonsa, ɗayan yana kan waya. A ba su minti goma sha biyar. In lokacin ya cika ba a tabbatar ba, a fitar da saƙon farko duk da haka: mun ji, mun tura mutum, kowa ya zauna inda yake, za ku ji daga gare mu nan da minti goma. Shiru shi ne abin da jita-jita ke ci ta ƙoshi.

Saƙon gaskiya ya zama na murya, kada ya kai minti ɗaya, da Hausa da duk wani harshen da ake ji a unguwar. Ya faɗi wanda ya je, da inda ya je, da ƙarfe nawa, da abin da ya gani. Misali: "Ni ne wane, ina tsaye a ƙofar masallacin tasha, yanzu ƙarfe huɗu da kwata, an idar da La'asar, babu abin da ya taɓa shi." Labarin da ya tunzura Musulmi, Musulmi ne zai ƙaryata shi da muryarsa. Wanda ya tunzura Kirista, Kirista. Kada a haɗa da hoton ƙaryar, don mutane hoton za su riƙe su manta da bayanin.

In kuwa labarin gaskiya ne, a faɗe shi. Kwamitin da ya taɓa cewa "babu komai" alhali akwai gawa a ƙasa, ya gama aiki, ba mai sake saurarensa. A faɗi abin da ya faru daidai girmansa, da matakin da aka ɗauka, da wanda ke hannun hukuma.

A samu matasa biyu masu sanin waya su riƙa tantance hoto. Su saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens su ga ko ya taɓa fitowa a baya. Su duba lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin jami'an tsaro, da yanayin gari: hoton da ke nuna ciyawa shar da laka ba a ɗauke shi a Kano cikin hunturu ba. Zauren sanarwa na unguwa a saita shi yadda shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo. Kuma kada a dogara da intanet. Gwamnatin Sri Lanka ta rufe Facebook da WhatsApp lokacin rikicin Kandy a Maris 2018, an kuma taɓa katse layukan waya a Borno da Yobe a 2013, da Zamfara a 2021. Kowane ɗan kwamiti ya riƙe lambobin sauran a rubuce a takarda, da ƙaramar waya mai maɓallai wadda cajinta ke kwana uku, kuma a san wurin haɗuwa in layi ya ɗauke gaba ɗaya.

Malamai na da abin faɗa a nan daga littattafansu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Littafin Fitowa 23:1, a cikin Littafi Mai Tsarki, ya hana baza labarin ƙarya. A yi huɗuba da wa'azi a kansu lokacin da gari ke lafiya.

In abu ya riga ya faru

Lasifikar masallaci da ta coci, da ƙararrawa, a san hannun wanda makullinsu yake. Kiran sallah a lokacin da ba na sallah ba, ko kaɗa ƙararrawa da tsakar dare, kira ne na yaƙi ko da mai yin bai nufa ba. Dattawa su fita bakin hanyoyin shigowa, kowa a gefen mutanensa, fuskarsa na kallon nasa samarin. Yawancin masu ƙone unguwa daga wata unguwa suke zuwa, kuma abin da suke fara nema shi ne ɗan gari da zai nuna musu gidaje. A hana su wannan ɗan garin. Yaran makaranta kada a sake su su watsu a titi, a riƙe su a ciki har iyaye su zo ko a raka su rukuni-rukuni.

Gawa ita ce abu mafi hatsari. Rikicin Ambon na 2011 bayan jana'izar ɗan acaɓan nan ya ɓarke. In an samu gawa, a rufe ta nan take, a hana ɗaukar hoto, a kira 'yan sanda, a sa ma'aikacin lafiya ya duba ta a gaban wakilin dangi kafin a yi mata sutura, don kada gobe a ce an ga sara a inda babu. A zaɓi hanyar makabarta da ba ta ratsa ɗaya ɓangaren ba, a kuma roƙi liman ko fasto ya sallami mutane daga makabartar, dattawa su dawo tare da samari.

Zargin ɓatanci ga addini yana bukatar sauri fiye da komai. Wanda ake zargi a fitar da shi daga unguwar gaba ɗaya cikin mintunan farko, zuwa babban ofishin 'yan sanda, ba ƙaramin caji ofis ko ɗakin masu gadi ba. A kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, a Mayun 2022, a ɗakin masu gadi aka ɓoye ɗalibar da aka zarga, taron ya fi ƙarfin wurin, aka kashe ta. Malamin da jama'a ke jin maganarsa shi zai fito ya ce magana tana hannun hukuma, kuma babu wanda shari'a ta ba izinin yanke hukunci a titi.

Harin 'yan ta'adda

Wannan daban yake da tarzoma, kuma dole mutanen unguwa su fahimci lissafin da ke bayansa tun kafin ya zo. Ƙungiyar da ta sa bam a wurin ibada, ramuwar gayya take nema. Ranar 22 ga Fabrairun 2006 aka tarwatsa hubbaren Askari, wuri mai tsarki ga 'yan Shi'a, a Samarra ta Iraƙi, abin da ya biyo baya shi ne kashe-kashe tsakanin Shi'a da Sunna da ya ci dubban rayuka, kuma Alƙa'ida ta samu mayaƙa daga cikin waɗanda aka kora daga gidajensu. Ranar 17 ga Yunin 2012 Boko Haram ta kai hari coci uku a Zariya da Kaduna, samari suka tare hanya suka far wa Musulmin da ba su da hannu, sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ƙungiyar nan ce kuma aka ɗora wa alhakin kashe masallata fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014. Wanda ya rama a kan maƙwabcinsa ya ƙarasa wa mai bam aikinsa ne.

Don haka a shirya tun yanzu: cikin awa guda da hari, shugabannin ɗaya ɓangaren su kira, su yi Allah wadai a fili da sunan ƙungiyar in an san ta, su tura masu ba da jini asibiti. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da yaƙi ya tsananta a Disambar 2013, babban limamin Katolika, Archbishop Dieudonné Nzapalainga, ya sauke Imam Omar Kobine Layama a gidansa a Bangui, suka riƙa yawo tare suna magana da murya ɗaya. Ƙasar nan kuma ita ce gargaɗi mafi girma ga duk kwamitin da ya fara sha'awar makami: mayaƙan sa-kai da ake kira anti-balaka daga ƙungiyoyin tsaron ƙauye suka samo asali, suka ƙare suna farautar Musulmi gida-gida. Sintirin dare ya zama na haɗin gwiwa, mutum huɗu zuwa shida, da tocila da usur da littafin rubuta suna. Kwamiti ba ya tunkarar masu bindiga, ba ya bincike a gidan kowa. In an ga baƙin fuska suna tara samari a ɓoye, ko yaro ya fara kafirta iyayensa da limamin unguwa, ya daina bin kowa sallah, yana ɓacewa kwana da kwanaki, mutum biyu na ɓangarensa su fara zama da iyayen, sannan a kai wa hukuma. Gemu ko ɗage wando ba hujja ba ne, kuma zargi a kan sutura yana tura yaro inda ake gudu.

Hukuma, kuɗi, da abin da ke kashe kwamiti

Ku gabatar da kanku ga hakimi da DPO, wato shugaban 'yan sandan yanki, tun ranar farko, ku karɓi lambar wayar jami'i guda da aka ɗora wa unguwarku, ban da lambar kiran gaggawa, 112 a Najeriya ko 17 a Nijar. Ku gayyace shi zama sau ɗaya a wata. In an sa dokar hana fita, ku tsare samari a gida da gaske: ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mutum fiye da 130 da 'yan sanda da sojoji suka harbe a Jos a rikicin 2008. Katin shaidar ɗan kwamiti mai sa hannun DPO yana taimakawa a shingen bincike.

Kuɗin da ake bukata kaɗan ne: katin waya, batir, man babur. A tara shi daga aljihun mutanen unguwa, ma'aji biyu, a karanta lissafi a kowane zama. Da zarar an fara biyan kuɗin zama, masu zuwa don kuɗin za su ture masu zuwa don aikin, ranar da kuɗin ya yanke kuma zaman ya mutu.

Amma abin da ya fi kashe kwamiti shi ne zaman lafiyar kansa. Wata shida babu abin da ya faru, sai a fara ɗage taro, lambobi su canza, mai garejin ya tashi, jami'in da kuka saba da shi a yi masa canjin wurin aiki. Ko Bhiwandi ta sake ganin tashin hankali a 2006. Maganinsa shi ne a ba kwamitin aikin yau da kullum da ya shafi kowa: gyaran taransifoma, yashe kwata kafin damina, rigimar mai haya da mai gida, ɓarayin waya. Zama duk mako biyu, wannan karon a harabar masallaci, na gaba a harabar coci, a lokacin zaman ɗar-ɗar kuwa, kowace rana. Duk wata uku a yi gwaji ba tare da sanarwa ba: shugaba ya kira mutum guda da ƙarfe goma na dare, a duba minti nawa saƙon zai ɗauka kafin ya zagaye kowa. Wanda aka kira sau biyu a jere wayarsa na kashe, a nemi wani daga layinsu ya maye gurbinsa, a kuma sake buga takardar lambobin a raba.